Mota Ba Ta Cikin Kayan Ƙaura

Tun zamanin da fatake ke kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro, sanannen abu ne cewa kowace ƙasa da ayari ya ratsa tana da hakkinta a kan kaya. Madugu ke shiga gaba ya daidaita da sarkin gari a kan garama, in an iso bakin Kwara a biya masu jirgi kuɗin fito, sa'an nan a haye. Madugun ƙwarai kuwa tun bai bar gida ba ya san yawan zangon da ke gabansa, da abin da za a nema a kowane mashigi. Yau jakuna sun ba motoci wuri, garama ta koma hannun kwastan, amma kalmar fito tana nan, hukuncinta kuma bai tashi ba.

Dalilin wannan magana shi ne akwai jama'ar Arewa masu yawa, malamai da attajirai, waɗanda zama ya riƙe su a zangunan Kumasi da Ankara, ko Jidda, ko Dubai, ko Ingila. In ran komowa Nijeriya ya zo, mutum ya ɗaure littattafansa da kayan iyalinsa, sai ya dubi motar da ya shekara biyar ko goma yana hawa, ya ce ai wannan ma kayan gida ce, tare za a tafi. A nan kuskure ke farawa, kuma kuskure ne wanda ya cinye jarin mutane ba kaɗan ba.

Gaskiya ne dokar kwastan ta Nijeriya tana yi wa mai komowa rangwame. Wanda ya yi wata 9 ko fiye a waje yana iya shigo da tufafinsa da shimfiɗunsa da sauran kayan ɗakin da aka riga aka yi amfani da su ba tare da fito ba. Amma fa mota ba ta cikin wannan rangwame, in ban da ta jakadun ƙasashe da makamantansu. A idon kwastan, motar malamin da almajiransa suka haɗa kuɗi suka saya masa, da motar da dillali ya yo oda don ya sayar, hukuncinsu ɗaya ne: haja ce da aka shigo da ita, sai an biya mata fito.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne labarin da suke ji daga Turai. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya zauna waje wata 12 kana ya tare can, ana yafe masa fiton motarsa muddin ya mallake ta wata 6 kafin tashi, bisa sharaɗin ba zai sayar ko ya ba da aronta ba sai ta yi wata 12 da shiga. To, wannan hukuncin can ne. Wanda ya ɗauko shi ya kawo tashar jirgin ruwa ta Ikko, watau Legas, ya yi ƙiyasi inda ƙiyasi bai halatta ba.

Saboda haka akwai mas'aloli huɗu da ya wajaba mai ƙaura ya warware tun motar tana ƙofar gidansa a can, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mas'ala ta fari ita ce hannun tuƙi. Ran 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar bin hagun hanya irin na Ingila ta koma dama, don ta daidaita da maƙwabtanta kamar Nijar da Kamaru da Dahomey ta wancan lokaci. Ghana ta yi haka ran 4 ga Agusta 1974. Tun daga nan motar da ta dace da hanyoyin ƙasar ita ce mai sitiyari a hagu. Motocin Makka da Jidda da Dubai da Amurka da Jamus duk haka suke. Amma na Ingila da Japan da Indiya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake, dokar hanya kuwa ta hana tuƙa irinsu a Nijeriya. Hikimar hanin a fili take: direban da ke zaune ta gefen daji, in ya so wuce tirela, sai ya tura rabin motarsa cikin hannun masu tahowa kafin idonsa ya ga abin da ke gaba. Akwai makanikai masu juya sitiyari, amma aiki ne da ke taɓa birki da wayoyin wuta da ƙarfen da ke juya ƙafafu, in hannun da ya yi bai gwanance ba, an sayi haɗari da kuɗi ke nan. Mai irin wannan mota, abin da ya fi masa shi ne ya sayar da ita inda take da daraja.

Mas'ala ta biyu ita ce shekarun motar. An daɗe ana karɓar wadda ba ta wuce shekara 15 da ƙira ba, a shekarar 2022 aka rage zuwa 12. Lissafin kuwa daga shekarar da aka ƙera ta yake farawa, ba daga ranar da mai ita ya saya ba. Mutum ya sayi mota mai shekara 6, ya hau ta shekara 7, a ransa sabuwa ce don bai taɓa sauke mata inji ba, alhali a littafin kwastan ta riga ta tsufa. Shekarar ƙira ana gane ta daga lambar nan mai harafi da adadi 17 da masu ƙira ke bugawa a jikin mota, ba ta ɓoyuwa da fenti ko da rantsuwa.

Mas'ala ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce fiton kansa. Attajiri ya san ba a shiga ciniki sai an san uwar kuɗi, to a nan uwar kuɗin ba ta zama wuri ɗaya. A 2013 gwamnati ta fito da tsarin ƙarfafa harhaɗa motoci a gida, ta aza wa motar da aka gama ƙerawa a waje fito kashi 35 cikin 100 da wani haraji kashi 35, jimla 70. Dokar kuɗi ta 2020 ta rage harajin nan zuwa kashi 5. A 2022 aka sake tsari, motar hannu ta koma fito kashi 20 da haraji kashi 15, ban da harajin sayen kaya na kashi 7.5 da wasu ƙananan kuɗaɗe. Wanda ya yi lissafi da abin da ɗan'uwansa ya biya shekara uku da suka wuce, ya auna hatsin bana da mudun bara.

Ga misali bisa tsarin 2022, don masu ciniki su gani da idonsu. A ƙaddara kwastan sun ƙimanta mota naira miliyan 10, an haɗa da kuɗin jirgi da na inshora. Fito miliyan 2, haraji miliyan 1 da rabi, harajin sayen kaya kuma a kan jimlar ake ɗora shi, ya haura miliyan 1. An tashi fiye da miliyan 4 da rabi ke nan, ba a biya ejan mai fito da kaya ba, ba a biya kuɗin tasha ba, ba a zuba man da zai kai ta Kano ko Sakkwato ba. Sa'an nan a lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙimar da ake aiki da ita ta kwastan ce, tun 2022 kuma suka soma fitar da ita daga lambar jikin motar, don haka rasit ɗin da aka rage wa kuɗi ba ya cetar kowa. Na biyu, da dala ake ƙimantawa kana a juya zuwa naira. A watan Mayu 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haye 1,400. Wanda ya loda motarsa kafin wannan sauyi ta iso bayansa, ya tarar fito ya ninka ba tare da an ƙara kashi ko ɗaya ba. In kuwa kuɗin bai cika ba, motar tana zaune a tasha kuɗin ajiya na hawa kowace rana, ƙarshenta hukuma ta yi gwanjonta.

Mas'ala ta huɗu ita ce hanyar da za a bi, wannan kuwa ta fi shafar mutanen Ghana da Togo da Nijar, waɗanda ke iya tuƙo motarsu har gida. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta yarda motar hawa mai lambar wata ƙasa cikin ƙungiyar ta shiga wata ta zauna har kwana 90, in direba na riƙe da lasin, da takardar mallaka, da inshora, da takardar kwastan ta wucewa. A 1982 aka ƙara katin inshora mai ruwan ƙasa wanda ke aiki a ƙasashen ƙungiyar. Amma wannan izinin baƙo ne, na mai ziyara ko ciniki wanda zai koma. Wanda ya tare ɗungum, kwana 90 suka cika motarsa tana yawo da lambar Ghana, ta tashi daga baƙuwa ta zama kayan fasa ƙwauri, ko da mai ita bai taɓa nufin haka ba.

Ga kuma sha'anin iyakoki, wanda ba ya tabbata a hali ɗaya. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta kan tudu, sai ta tashar ruwa. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin tudu, a Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, amma hanin motoci bai tashi a lokacin ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyakar ƙasashen biyu, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangare. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin jama'arsu da kayansu su wuce har a sake shawara. Wanda ya ga wannan jerin ya san labarin tasha ba ya isa hujja. Lalle ne ya nemi hukuncin ranar daga ofishin kwastan ko ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasar da yake, a rubuce, kafin ya tayar da inji.

A bakin kowace iyaka ba a rasa masu cewa a ba su rabin kuɗin fito su shigo da mota ta barauniyar hanya, su kawo takardu da hatimi. Araha ba ta ado. Takardar jabu tana iya wuce shinge goma ta kāsa a na sha ɗaya, domin kwastan suna tsare mota ko a tsakiyar ƙasa su duba ko an biya mata fito, in ba a biya ba su kama. Ran nan wanda ya karɓi kuɗin ya ɓace, sai mai mota da iyalinsa a gefen titi. In ma ya riga ya sayar wa wani, ya jefa bayin Allah cikin hasara, ya zubar da amanar da ita ce jarin ɗan kasuwa na gaskiya. Garin neman gira an rasa ido.

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu tahowa da motar ya fi masa, to ya bi ta ƙofa. Ya biya duk bashin da ke kanta da tarar hanya a ƙasar da zai bari, ya karɓi takardar fitar da ita. Ya riƙe rasit na asali, da takardar mallaka da sunansa, da takardar lodin jirgi. Ya nemi ejan mai lasin hukuma, a biya fito ta banki, ya karɓi shaidar biya da hannunsa ya ajiye ta kamar takardar gida. Bayan ta fito ya yi mata lamba da inshora a jiharsa. Ya kuma tambayi kansa ko kayan gyaranta suna samuwa a kasuwa, ko makanikan garinsu sun san cikinta, don motar da sai an aika Dubai neman ƙarfenta ado ce ta zaure. Sau da yawa in an yi lissafin nan da adalci, sai a ga sayarwa can da saye nan ya fi sauƙi, ragowar kuma ta zama jari.

Hukuma ma tana da nata nauyi. Ɗan ƙasa da ya shekara ashirin yana neman halali a waje, ya komo da mota guda ta hawansa, bai kamata a auna shi da ma'aunin mai odar motoci hamsin ba. Ya dace a duba yi masa rangwame bisa sharuɗɗa masu tsanani: mota ɗaya tak, wadda ya daɗe da mallaka, kuma ba zai sayar ba sai bayan wa'adi. Haka zai toshe ƙofar masu fakewa da sunan ƙaura, ya kuma rage wa 'yan fasa ƙwauri kasuwa. Kafin nan, abu mafi sauƙi shi ne a buga dokokin nan da Hausa, boko da ajami, a manna a ofisoshin jakadanci da mashigan iyaka. Ajamin da aka rubuta a takardar naira 500 da 1,000 don jama'a su san abin da ke hannunsu, ya isa a rubuta musu da shi abin da za su biya.

Malamai su ne ake zuwa wa sallama da neman shawara kafin tafiya, shugabannin zango da na kasuwa kuma su ne ke sauke baƙo su raka mai tashi. In mai ƙaura ya zo musu, bayan fatan sauka lafiya, su tambaye shi sitiyarin motarsa, da shekarunta, da fitonta, da hanyarta. In ya amsa huɗun nan da hujja, ya tafi da ita. In ya kāsa, su ba shi shawara ya sayar tun tana da mai saye. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowane matafiyi gida da dukiyarsa da mutuncinsa.