Tsawa Ba Ta Miƙe Baya

Akwai wata magana da mu ke so mu kawo gaban malamanmu da 'yan'uwanmu, gama yawancinmu malanta za mu yi in mun fita. Kowa ya san yadda a kan yi da yaron da ya saba ranƙwafawa a aji. Malami ya daka masa tsawa, "Kai, miƙe!" Yaro ya zabura, ya turo ƙirji kamar soja a fareti. Kafin malami ya juya ga allo, ya koma yadda ya ke. Mu a ganinmu wannan ba taurin kai ba ne, kuma ba abin da tsawa ko bulala za su gyara ba ne.

Ga dalili. Ƙashin baya gaɓoɓi ne 33, waɗanda 24 daga cikinsu ke motsi, kuma Allah ya halicce shi da 'yar lanƙwasa a wuya da gadon baya da ƙugu. Tsokoki ne ke riƙe da shi, su ne kuma ke ɗauke da kai, wanda a babban mutum nauyinsa ya kan kai kilo 5. In yaro ya wuni a kan benci marar majingina, ya duƙufa kan littafi, sai jikinsa ya saba da hakanan, tsokokin da ke tsakanin kafaɗunsa su yi saurin gajiya. To, yaya tsawa guda za ta kwance sabon wata da watanni?

Gyaran jiki ta hanyar motsi ba sabon abu ba ne. Wani mutumin Suwidin, Per Henrik Ling, ya kafa makarantarsa a birnin Stockholm cikin 1813. Daga baya makarantun Ingila suka ɗauki tsarinsa, a jera yara sahu sahu, kowa ya yi motsi ɗaya bisa umarni. An amfana, amma fa jikin kowa daban ne. Masana na yanzu sun ce babu wani zama guda wanda ya dace da kowa, abin da ya fi gajiyar da baya shi ne daɗewa a zama ɗaya ba motsi.

Saboda haka abin da mu ke so kaɗan ne, ba ya bukatar ko kwabo. A ta da yara tsakanin darasi da darasi. Wanda ya saba ranƙwafawa a tsai da shi jikin bango, ƙugu da kafaɗu da ƙeya su taɓa, ya ja haɓarsa baya a hankali, sa'an nan ya ɗaga hannuwa sama ya sauke suna gogar bangon, kamar sau goma. A bakin ƙofa kuwa ya dafa gefe da gefe, ya matsa gaba kaɗan har ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Kullum kaɗan kaɗan, ba rana guda a wahal da yaro ba. In ya ce da zafi, a dakata.

Amma wanda ya fi ba mu tausayi shi ne yaron da ba sabo ne ya tanƙwara shi ba. Akwai karkacewar ƙashin baya zuwa gefe, wadda ta kan bayyana wajen shekara 10 zuwa 15, ta fi kuwa tsanani ga 'yan mata. Akwai kuma tarin fuka, wanda ya kan ci gaɓoɓin baya har su rufta, ƙusumbi ya fito. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana shi tun 1779. Irin wannan yaro, ko ya shekara jikin bango ba zai miƙe ba, jinkiri kuwa ya kan kai shi ga shanyewar ƙafafu. Sau da yawa shi ne abokai ke yi wa ba'a, malami kuma ya ce malalaci ne.

Ganewa ba wuya. A sa yaro ya haɗa ƙafafu ya sunkuya, hannuwa na lilo, malami ya duba ta baya. In gefe ɗaya ya fi tudu, ko kuwa akwai ciwon baya da ke hana shi barci, da rama, da zazzaɓi, sai a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Muna roƙon malamanmu su nuna mana wannan dubawa da hannunsu, kafin a tura mu koyon aikin malanta.