In Kana Ɗura Adaka, Gaisuwa Ta Jira

Wannan makon za mu ajiye zancen farashin riɗi da karkaɗe, mu taɓa wata tsohuwa da ke jingine a bayan ƙofar gidaje da yawa, wato adaka, bindigar da ake ɗurawa ta baki.

Ni a wani ƙauye kusa da Mai Wurno na tashi, a bakin Kogin Nilu Shuɗi, kudu da Sinnar. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yo gabas da jama'a bayan yaƙin Burmi a 1903. Muna yara, adaka abar tsaron gona ce: a kori birai da mugun dawa daga dawa, wani lokaci a samo zabo.

Akwai wani kawuna, Allah ya jiƙansa, yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Wata safiya yana zaune yana ɗuri, ya zuba albarushi, ya danna tsumma, sai ga baƙo daga Wad Madani. Kun san gaisuwarmu. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mutanen Jazira, ya audugar bana, har aka kawo jabana aka sha. Da baƙo ya tafi, kawu ya ɗauki bindiga ya fara daga farko, ya manta ya riga ya zuba. Ɗuri biyu a bututu ɗaya. Da ya ja kunama a gona, bututun ya tsage daidai inda ya riƙe.

Shekara talatin yana harbi kafin ranar. Ba rashin iyawa ba ne, hankali ne ya rabu. Adaka ba ta nuna maka abin da ke cikinta, kuma da yawa aikin maƙeran gida ne, wasu ma da bututun ruwa aka yi su, ba su jure ƙari.

Bayan ya warke, kawu ya yi wa sandar da yake dannawa da ita zane biyu: ɗaya inda take tsayawa in bindiga ba komai, ɗaya inda take tsayawa da ɗuri guda. Ko wa ya katse shi, sai ya sake zura sandar ya duba. Wani zai ce amsa sallama wajibi ne. Haka ne, Malam, amsa. Amma "ya iyali" ta jira ka gama.

Da na fara zuwa Kano saro kaya, na tsaya kallon 'yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe. Ƙara da hayaƙi har ƙirji na girgiza, amma ni hannun dattawan cikinsu nake kallo. Baki sama, nesa da fuska. Haka ya kamata, don bayan harbi tartsatsi kan saura a cikin bututu. Wanda ya yi gaggawar zubawa kai tsaye daga kwalba ko ƙaho, wutar za ta biyo ta cinye duk abin da ke hannunsa. A ɗan dakata, a goge ciki da tsumma mai laima, a busar, a auna a ɗan ma'auni, sannan a zuba. A danna har harsashi ya zauna kan albarushi ba rata. Abin tada wuta shi ne na ƙarshe, sai an zo harbi. Taba kuwa ba sai na faɗa ba.

In ka ja kunama ta yi shiru, kada ka leƙa bakinta, kada ka juyo da ita wajen mutane kana tambaya. Albarushin da ya sha damina yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Riƙe ta yadda take, ka ƙirga minti guda cikakke.

Abin da ya sa na tado zancen yanzu shi ne yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bar harsasai warwatse a gonaki da kangaye. Tsorona kada wani yaro mai dabara ya fasa harsashin soja ya juye garinsa cikin bindigar kakansa. Wannan garin ba albarushin adaka ba ne, ƙarfinsa ya ninka, ko kaɗan ne yana iya fasa bututu. Iyaye mata, ku ne a gida yayin da muke Gadarif ko Omdurman ko Jidda. Duk adakar da ke jingine, ku ɗauka a ɗure take, a kulle ta, albarushi kuma a wani wuri dabam, nesa da murhu.

Sandar kawu tana wurina har yau. Jiya ƙaramin jikana ya tambaye ni zanen mene ne a jikinta, na zaunar da shi na ɗaga masa yatsu uku.