Sulken Tafiya da Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Akwai wata na'ura da ake ɗaura wa majinyaci daga ƙugu zuwa ƙafa, tana da batir da ƙananan injuna a kwatangwalo da gwiwa, ta miƙar da shi ta kuma riƙa jefa masa ƙafa. Da yake sana'ata harshe ce, zan kira ta sulken tafiya kafin masana su yi mata suna. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da samfurin EksoGT wajen jinyar masu shanyewar ɓarin jiki. A Japan kuwa, Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya ƙera HAL, wanda ke tsintar saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ta saman fata, sannan ya taimaka wa motsin da mutum ya yi niyya.

Hikimar abin ita ce maimaici. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana iya buɗe sababbin hanyoyi idan aka nace mata da motsi iri ɗaya, kuma inji ba ya gajiya kamar yadda likitan gashi da ke tallafe da majinyaci ke gajiya. Nazarin Cochrane na 2020, wanda ya tattara gwaje-gwaje 62 kan mutum 2,440, ya nuna cewa haɗa injunan koyon tafiya da gashi na ƙara yiwuwar mutum ya taka da kansa, musamman wanda bai wuce wata uku da kamuwa ba kuma bai fara tafiya ba. Mai karatu ya lura: tare da gashi aka ce. Shi kuwa gwajin RATULS da aka yi a Birtaniya kan mutum 770, aka wallafa a 2019, bai ga fifikon injin motsa hannu a kan kulawar da aka saba ba.

Saboda haka a nawa ra'ayin, duk gwamnan da dillalai suka zo wa da wannan haja ya dakata. Kuɗin sulke ɗaya zai ɗauki ma'aikatan gashi da dama aiki, kuma ko an sayo shi, sai da ƙwararre a gefe, da wutar caji, da mai gyara.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan lalura suna rasa magana ko fahimtarta, abin da Paul Broca ya danganta da ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa tun shekarun 1860. Sunan da muka ba cutar ma jiki kawai ya ambata, ya bar harshe. Sulke ba ya dawo wa magidanci sunan matarsa, sai mai koyar da magana da ya san Hausa, kuma irinsu ne ya kamata jami'o'inmu su fara yayewa kafin a yi odar inji.