Raddi ga Mai Fifita Littafin Soja a kan Ruwayar Tsofaffi

Wani malami, Allah ya ƙara masa basira, ya faɗa a wani zaure nan Alhilla Kuku cewa ba a dogara da labarin yaƙi sai wanda mayaƙi ya rubuta da hannunsa, abin da tsofaffi ke ruwaitowa kuwa tatsuniya ce. Da yake ɗalibai sun ɗauki maganar, ya wajaba a bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce marubuci ganau ne, mai ruwaya jiyau. To, Silatin Basha ganau ne, domin ya yi shekara da shekaru a hannun Halifa Abdullahi a Omdurman kafin ya tsere a 1895, amma littafinsa na 1896 ya bi ta hannun Wingate, shugaban leƙen asirin rundunar Masar, wanda shi ya shirya tserewar, kuma babban muradinsa mutanen Ingila su amince a sake cin Sudan da yaƙi. Alƙalan Malikiyya ba su karɓar shaidar abokin husuma a kan wanda yake husuma da shi, ko da ya gani da idonsa.

Ya ce tawada ba ta sauya magana. Churchill ya halarci yaƙin Karari ran 2 ga Satumba 1898, ya kuma zargi Kitchener a bugun 1899 na littafinsa kan abin da aka yi wa kabarin Mahadi. Da aka taƙaita littafin a 1902, sai aka rage zargin ƙwarai. Wanne bugu malam zai rantse da shi?

Hujjarsa ta uku, mantuwa, na sallama masa rabinta, gama tsoho yakan rikita shekaru, yakan kuma ƙara karama inda babu ita. Sai dai malaman hadisi sun daɗe da ba mu magani, wato a binciki isnadi, a auna adalcin mai ruwaya, a nemi tawaturi. Kuma in an jefar da ruwaya, wa zai faɗi yadda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ga yaƙin Burmi ran 27 ga Yuli 1903, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kawo sauran har bakin Shuɗin Nilu, alhali rahoton ranar waɗanda suka yi nasara ne suka rubuta shi?

Ina roƙon malam ya tura ɗalibansa garin Maiwurno da takarda da alƙalami, su rubuta abin da jikokin jama'ar Attahiru suka ji, kowace ruwaya da sunan wanda aka karɓo ta daga gare shi.