Maganin Ƙwaya a Jimeta Yana Hannun Unguwa

Shaye-shaye a Jimeta da Yola ba ɓoyayyen abu ba ne. A unguwar Jambutu, Doubeli ko Luggere, yaro ƙarami ma ya san kemis ɗin da ke miƙa tramol ba takardar likita, ya san kangon da ake taruwa bayan magariba, ana zuba maganin tari cikin robar lemo. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa, ɗan asalin Adamawa, tana kame ba dare ba rana. Kamen yana da amfani, amma matashin da aka saki ya dawo gida ba sana'a, iyaye na jin kunyarsa, majalisar da ta lalata shi ce kaɗai ke masa maraba, daga nan ƴan daban da ake kira ƴan Shila su ɗauke shi. Nan ne garin da ba shi da girma ya fi babban birni dama, domin an san asalin kowa. Mai unguwa da limami da fasto su zauna da masu kemis ido da ido, ƙungiyar ƴan Keke NAPEP ta sa wa direbobinta ido. Wanda jaraba ta kama mara lafiya ne, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa maimakon a ɗaure shi da mari. Idan ya samu sauƙi, tela ko bakanike na unguwar ya karɓe shi almajiri, ƙaramar hukuma ta biya kuɗin koyon.