Makirufon Gangar Ƙafa Ba Na Kotso Ba Ne

A sitidiyoyin Kano da Sakkwato wata ɗabi'a ta yi kaka-gida: da an ga babbar ganga, sai hannu ya kai ga makirufon gangar ƙafa, wato gangar nan ta kiɗan Turawa da ake bugawa da ƙafa. AKG D112 ne, ko Shure Beta 52A, ko Audix D6. Hujjar ita ce ganga ai ganga ce. Wannan hujja ba ta da tushe, kuma ɓarnarta ta fi muni idan abin da za a ɗauka kiɗan fadar Gobir ne.

Makirufon gangar ƙafa ba shaida ba ne mai faɗin abin da ya ji tsakani da Allah. Tun daga masana'anta aka cusa masa ra'ayi. Ana auna kaurin sauti da yawan kaɗawarsa a cikin daƙiƙa guda, abin da ake rubutawa Hz. Irin waɗannan makirufo suna kumbura sautin ƙasa, wajen Hz 60 zuwa 100, inda dirin gangar yake. Suna ɗaga na sama, wajen Hz 4,000, domin a ji saukar bugu a kan fata. Tsakiya kuwa, wajen Hz 300 zuwa 500, sai su danne ta, domin a gangar ƙafa nan ne sauti ke dagulewa kamar ana dukan kwali. D6 ya fi sauran tsananta wannan dannewa. Ga gangar da aikinta riƙe lokaci kawai, da murya ɗaya tak, wannan dabara ce mai kyau, kuma babu mai musun haka.

Kotso kuwa ba riƙe lokaci yake yi ba, magana yake yi. Fata ɗaya gare shi, da yatsu ake kaɗa shi, makaɗin yana matse tsarkiya yana sakinta, muryar tana hawa tana sauka tana bin karin sautin Hausa. Da shi Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, har sunan Isa ya zaga ƙasar Hausa. Hawa da saukar nan a tsakiyar sauti suke zaune, daidai wurin da makirufon gangar ƙafa aka gina shi ya ƙwaƙule. Wanda ya kafa shi a gaban kotso ko kalangu zai koma gida da diri da ƙyas-ƙyas ɗin yatsu, kirarin da ke tsakaninsu ya dushe. Abin lura a nan shi ne tsofaffin faifan Narambaɗa, duk da shusshuwarsu da ƙarancin sautin ƙasa, har yau Bagobiri yana jin abin da kotson ke cewa a cikinsu. Abin kunya ne na'urar zamani ta kasa abin da ta wancan lokaci ta iya.

Masu kare ɗabi'ar za su ce to, an ji ta kotso, amma tambari fa? Shi ai babba ne, muryarsa a ƙasa take. Nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi, nan ma ba ta tsaya ba. Gangar ƙafa ana huda fatarta ta gaba a zura makirufo ciki, sau da yawa ma a sa matashin kai domin a kashe amonta da wuri. Tambari akushi ne babba da aka rufe bakinsa da fata, ba a zura masa komai, kuma darajarsa tana cikin amon da ke biyo bayan bugu, wanda ke cika ƙofar fada ya sanar da gari cewa sarki na nan. Makirufon da aka manna wa fata yana ƙara kaurin da babu shi, domin haka makirufo mai fuskantar gefe ɗaya yake yi idan an matso da shi, sa'annan ya bar amon a baya. Abin da zai fito gangar gidan rawa ce, ba tambarin Gobir ba. Balle ma yawancin masu sauraro a waya za su ji shi, kuma ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan kaurin da aka sha wahalar kumburawa.

Da a ce ana iya komawa gobe a sake ɗauka, da maganar ba ta kai a ɗaga murya ba. Amma duk mai bin labarin gabashin Sakkwato ya san halin da Isa da Sabon Birni suke ciki. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mutane sun watse zuwa Sakkwato da ƙasar Maraɗi, kuma a watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Makaɗin fada da sarkinsa yake rayuwa. Wanda ya samu ya kai kayan aiki Bafarawa ko Isa ya zauna da dattijon makaɗi, mai yiwuwa zaman nan ne kaɗai zai samu. Sautin da aka ɗauka yadda yake ana iya yi masa kwalliya a kwamfuta daga baya. Wanda makirufo ya riga ya sassaƙe, gyaransa ƙoƙari ne kawai na maido da abin da aka zubar.

Zaɓin bai da tsada. Electro-Voice RE20, wanda gidajen rediyo suka daɗe suna amfani da shi, an ƙera shi ne domin kada matsowa ta ƙara masa kauri, yana kuma jure bugu mai ƙarfi. Sennheiser MD 421 yana barin tsakiya a buɗe. Ko Shure SM57, da kusan kowace sitidiyo ke da shi, ya fi D6 dacewa da kotso, in an ja shi baya kamar taƙi ɗaya ko biyu daga fata. Tambari kuma a ƙara masa makirufon kondensa guda biyu a nesa da taku uku ko huɗu, a tsayin kunnen mutum, a wurin da fadawa suka saba tsayawa.