Wasiƙar Akawu: Yini Guda a Kan Dusar Ƙanƙara a Dutsen Dabos

Zuwa ga Edita,

Makon jiya wani malamin makaranta ya aiko da tambaya, ya ce ya ga hoton Turawa sun ɗaura katako a ƙafa suna gangarowa daga kan dutse, yana so a gaya masa ko wannan aiki ne ko wasa, in kuwa wasa ne, me zai sa magidanci mai hankali ya kwashi 'ya'yansa ya kai su inda sanyi ke kisa. To, tambayar ta faɗo inda ya kamata, don kuwa na taɓa yin yini guda cikin wannan sha'ani, a watan Fabrairu na 2024, sa'ad da ofishinmu ya aike ni birnin Zurik na ƙasar Suwizalan koyon aikin ajiye takardu. Zan faɗi abin da idona ya gani, har da wanda ba zai ƙara mini daraja ba.

Mai masaukina akawu ne kamata, yana da mata ɗaya da 'ya'ya uku: babban shekararsa 14, na tsakiya 11, sai 'yar auta mai shekara 5. Ran Asabar tun da sauran duhu aka tashe ni. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa wani gari wai shi Landkwat, can muka sauya wani ɗan jan jirgi wanda faɗin layinsa mita ɗaya ne cif, watau ya ɗan gaza tsohon layin dogonmu na Ikko zuwa Kano. Shi ya yi ta murɗawa da mu cikin duwatsu har garin Dabos. Tafiyar duka ba ta kai sa'a biyu da rabi ba.

Kafin in ci gaba ya kamata in kawar da wani ruɗani. Dusar ƙanƙara ba ita ce ƙanƙarar nan da ke faɗowa da ruwan bazara tana yayyaga ganyen dawa ba. Ita wannan a hankali ta ke sauka, ba ƙara, kamar an sheƙe auduga daga sama, ta yi ta taruwa har ta binne shinge. In an tattake ta sai ta daskare ta yi santsi. Abin da a ke ɗaurawa a ƙafa kuwa allo biyu ne sirara, kowane tsawonsa ya kusa na mai shi, sunansu siki. Kalmar ta mutanen Norwe ce, asalin ma'anarta tsagin itace. Su can da shi su ke zuwa farauta da ziyara in ƙanƙara ta rufe hanya. Ashe amsar farko ga malam ita ce, aiki ne ya rikiɗe ya zama wasa, kamar yadda doki ya tashi daga fagen fama ya koma sukuwar Salla.

Shi garin Dabos yana bisa tudu mai mita 1,560 daga bakin teku, ya ɗara Jos nesa ba kusa ba. Ba wasa ne ya fara jawo masa baƙi ba, cuta ce. Wani likita Bajamushe, Alexander Spengler, wanda ya zo garin a 1853, shi ya lura busasshiyar iskar wurin tana yi wa masu tarin fuka amfani, sai masu hali na Turai suka riƙa kawo majiyyatansu su yi watanni. Cikin masu jiyyar har da marubucin nan na Birtaniya, Conan Doyle, wanda ya kawo matarsa, zaman kawai ya ishe shi, ya koyi siki, a 1894 kuma ya ƙetare dutse da shi zuwa garin Arosa ya rubuta labarin. Da aka sami maganin tarin fuka gidajen jiyya da yawa suka koma masaukin baƙi.

Da muka sauka aka raba aiki. Uban da samarin biyu suka nufi babban dutsen da a ke kira Parsen. Ni da uwargida da 'yar auta muka tafi wani ɗan gangare a gefen gari, Bolgan, inda a ke koya wa sababbin hannu. Wannan ɗan fili yana da tarihi. Nan ne a watan Disamba na 1934 aka fara kafa igiya mai ƙugiya wadda inji ke ja, ta tura mutum sama yana tsaye a kan allunansa, aikin wani injiniya na Zurik, Ernst Constam. Kafin irin waɗannan na'urori sai mutum ya yi sa'a guda yana hawa da ƙafa don gangarowar minti biyar.

Aka yi mini hayar kaya. Takalmin kamar an zuba ƙafa cikin turmi, ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Akwai wani maɗauri da ke riƙe shi a kan allon, an yi shi yadda in ka faɗi da ƙarfi zai saki da kansa, don kada ƙafa ta murɗe. Mai ba da hayar ya tambayi nauyina da tsawona da tsawon tafin ƙafata kafin ya ɗaure shi, ya rubuta a takarda ya ce in sa hannu, abin da ya burge ni ƙwarai, ni da na san darajar rasit. Sa'an nan ga hular kwano, ga sanduna biyu, ga baƙin tabarau. Tabaran nan ba na ado ba ne. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido, wanda ya yini ba shi sai ya kwana yana hawaye kamar an watsa masa barkono.

To, jama'a, ga inda na yi abin kunya. Uwargida ta ce in shiga ajin masu koyo. Na duba ajin, na ga yara ne ƙanana, tsawonsu bai wuce gwiwata ba, malamarsu kuwa budurwa ce da ba ta fi shekara ashirin ba. Na ce a raina, ni da na ke da mata da 'ya'ya biyu, na ke riƙe da makullin ofis, in tsaya layi da masu majina? Na ce mata na gode, zan duba yadda a ke yi in kwaikwaya. Ba ta ja da ni ba. Na hau 'yar tazara kaɗan, na juyo, alluna suka kama hanya. Nan na gane abin da ban tambaya ba: tafiya ba ta da wuya, tsayawa ce ilmin. Na wuce yara, na wuce malama, na je na rungumi ragar da aka kafa a gindin gangaren, na dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya gurɗe. Kuma hannun da na ke cin abinci da shi ke nan ta kowace fuska.

'Yar autan nan ce ta gangaro a hankali ta tsaya a kaina. Ta nuna mini da ƙafafunta yadda a ke haɗa kawunan allunan a buɗe bayansu, a danna gefensu cikin ƙanƙara, su ma garma su ke ce wa wannan tsayuwa. Na tashi na karkaɗe jiki na shiga layi bayan wani yaro mai jar hula. Kafin azahar na iya gangarowa in tsaya inda na ke so, sau uku ba faɗuwa. An ce gemu ba ya hana ilmi, amma ni na ga yana jinkirta shi.

Wasan yana da doka, ba haka a ke yinsa kara zube ba. Hanyoyin gangarowa an kafa musu sanduna dama da hagu, an kuma raba su da launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi sai gwanaye. Ƙungiyar siki ta duniya, wadda aka kafa a 1924, tana da ƙa'idodi goma. Wadda ta fi kama hankalina ita ce, wanda ke baya shi ke da alhakin kauce wa na gaba, don na gaba ba shi da ido a ƙeya. Ba a tsayawa a ƙuntataccen wuri, in kuma an yi haɗari wajibi ne wanda ya gani ya taimaka, ya ba da sunansa.

Da rana muka hau wani jirgi da igiyar ƙarfe ke ja a kan dogo, wanda aka fara buɗewa a 1931, zuwa wani wuri mai suna Weissfluhjoch, kada Edita ya ce in faɗa da baki. Tsawonsa ya haura mita 2,600, ya fi Chappal Waddi na Taraba, wanda ba dutsen da ya kai shi a Nijeriya. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, iska kuma ta yi ƙaranci, taki goma sai haki. A wannan ƙololuwa ne tun 1936 masana suka fara zama suna binciken zaftarewar ƙanƙara, watau sa'ad da ta ɓalle daga jikin dutse ta gangaro ta binne abin da ta tarar. Kullum a kan sanar da matsayin haɗarin, daga 1 zuwa 5. Hanyoyin da aka kafa wa sanduna ana tsaronsu, mafi yawan waɗanda abin ke ci su ne masu fita daga cikinsu. Muka haɗu da uban da samarin, muka sha miyar sha'ir mai zafi da burodi, kowa na ba da labarin bajintarsa, ni dai na ɓoye hannuna ƙarƙashin tebur.

Wajen ƙarfe biyu hazo ya sauko. Ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura. Fari ne fat, sama fari ƙasa fari, har mutum ya kasa sanin tafiya ya ke yi ko tsaye ya ke. Uwargida ta ce kowa ya bi jirgi a sauka. Uban ya ce sau ɗaya tak, ya san hanyar kamar tafin hannunsa, samarin kuma suka goya masa baya. Muka sauka mu uku muka jira su a tasha. Bayan rabin sa'a sai ga uban da babban ɗan. Na tsakiya ba shi.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Uban ya ɗauka yaron ya riga su, mu kuwa mun ɗauka yana tare da su. Aka buga wayarsa, a kashe, don sanyi yana shanye batir. Dutsen nan kuwa ba fuska ɗaya gare shi ba. Daga samansa hanyoyi sun rabu, wasu su dawo Dabos, wasu su faɗa wani kwari dabam, akwai ma wadda ta kai kilomita 12 kafin ta isa ƙauyen Kublis. Rana kuma a wannan wata kafin ƙarfe shida ta faɗi. Uwar ba ta yi kuka ba, ba ta ce wa mijin uffan ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi. Ta tafi kai tsaye wurin ma'aikatan ceto ta faɗi launin rigar yaron da hularsa da wurin da aka gan shi na ƙarshe, suka shiga buga waya rumfa rumfa. Aka bar mini 'yar auta, tana tambayata ina yayanta, ni ba Jamusanci ba, na yi ta nuna mata dutse ina murmushin dole.

Minti arba'in muka yi a haka, na duba agogo. Sa'an nan wayar uwar ta yi ƙara. Ashe a wata mararraba yaron ya bi wani mai riga irin ta ubansa, sai da suka yi nisa ya ga ba shi ba ne. Tun da safe na ga uwar tana cusa wa kowane yaro wata 'yar takarda a aljihu, har na yi mata dariya a zuci. Sunansa ne da lambarta a jiki. Ta kuma sha gaya musu, wanda ya ɓata kada ya fita daga tsakanin sanduna, kada ya nemi yanke, ya tsaya a rumfar farko ya nuna takardar. Haka ya yi. Ya bi sanda bayan sanda har wata rumfar abinci a hanyar Kulostas, mai rumfar ta ba shi koko mai zafi ta kira uwarsa. Wani ma'aikaci ya rako shi gari, uban ya bi jirgi ya ɗauko shi.

Saura maganar kuɗi, don na san akawuna za su tambaya. A hanyar komawa na fid da alƙalami na tara kuɗin jirgi da tikitin hawa dutse da hayar kaya da ladan malama da abinci, na juya su zuwa Naira, na ga sun haura albashina na wata. A nan ina tare da malam mai tambaya, wasan masu hali ne, ko a can ba kowane gida ke iya shi ba. Ga shi kuma ƙanƙarar kanta tana ja da baya. A 2022 da 2023 kaɗai daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun rasa kashi 10 cikin 100 na jikinsu, gangare da yawa kuma sai an harba musu ƙanƙarar inji.

Amma inda ya ce mai hankali ba zai kai 'ya'yansa can ba, ban bi shi ba. Mutanen nan cikin duwatsu aka haife su, ko an kai yaro ko ba a kai shi ba wata rana zai hau, kamar yadda ɗan bakin kogi zai shiga ruwa. Gara ya hau yana da shekara 5 uwarsa na kallo. Abin da na zarga shi ne sau ɗayan nan na uban bayan an ga hazo, da kuma girman kan da ya hana ni tsayawa layi. Mu biyu manya mu muka yi wauta ran nan, yaran duka uku abin da aka koya musu suka yi. Na tuna nawa 'ya'yan, da na ke aika su kasuwa ran Juma'a cikin cunkoso, ba wanda na taɓa gaya wa inda zai tsaya in ya ɓata. Da na dawo gida na gaya musu, na kuma sa sun haddace lambata.

A cikin jirgi yaran suka yi barci kan juna. Uban ya sayo wa matarsa shayi, ta karɓa, amma sai da muka wuce Landkwat ta yi masa magana. Hannuna ya yi mako biyu a ɗaure, takardun kwas ɗin da hagu na cika su, malaminmu ya ce bai taɓa ganin akawu mai mummunan rubutu irin nawa ba.

Mako mai zuwa, in Edita ya ba ni fili, zan amsa wa mai tambaya a kan yadda a ke lissafin fansho.

Ni ne naku,
Akawu.